Kan wani, jikin wani: haɗin gambizar da aka yi da dutse a Roma

Ranar wata Talata ce cikin sanyin Disamba, irin sanyin Jos ɗin nan da sai ka hura wuta da guntayen katako kafin hannunka ya yarda ya riƙe guduma, ina gareji a Farin Gada sai ga ɗiyar yayata ta biyo ta kawo min saƙo daga gida. Karatun tonon kayan tarihi take yi a ABU Zariya, hutu ta zo. Ta same ni a durƙushe gefen wata mota ina bin jikinta da maganaɗisun da na ciro daga tsohuwar lasifika, ta tsaya tana kallona, can tace Kawu me kake nema ne haka? Nace fila nake nema. Duk inda ƙarfe ne zalla maganaɗisu zai kama, inda kuwa aka lafta fila aka bi da fenti sai ya saki, toh da haka muke gane inda mota ta taɓa buguwa ko da fentin na ƙyalli kamar yau ta fito daga kamfani.

Sai ta ciro wayarta ta miƙo min tace tunda idonka ya saba da gano haɗi Kawu, duba wannan ka gaya min abinda ka gani.

Hoton wani mutum-mutumi ne na farin dutsen mabul, saurayi ne ya ranƙwafa ya murɗa jikinsa, hannun dama can baya riƙe da faifai zai wurga. Na goge hannuna na karɓa na jima ina kallo. Ƙafafu daidai, ƙugu daidai, kafaɗa ta juya tana bin hannun, amma shi kan yana kallon ƙasa ta gabansa kamar babu ruwansa da abinda jikin ke yi. Nace mata wuyan nan bai bi jikin ba, duk wanda ya taɓa yin jifa da ƙarfinsa ya san kai bin hannu yake. Tace wallahi Kawu ka gano, kan ba nasa bane.

Tun daga ranar abin ya shiga raina, dare ya yi sai in ɗauki waya in yi ta karatu, ita kuma tana turo min abinda ta samu. Na san wani zai ce me ya haɗa mai bugun bodi da gumakan Turawa. Ni dai ba bauta ta kai ni ba, Allah ya tsare, aikin hannu ne ya ja ni, don abinda na tarar a tarihin duwatsun nan shi ne dai abinda nake gani kullum a sana'ata, gyara da haɗi da kuma ɓoye haɗin.

Shi wannan mai jifan faifai asalinsa wani Bagirke ne mai suna Myron ya yi shi da tagulla wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Na tagullar ya ɓace tuntuni, abinda ya rage su ne kwafin da Rumawa suka sassaƙa da mabul don ƙawata gidajensu da wuraren wankansu. Wanda ta nuna min an tono shi ne a 1791 a kangon gidan shaƙatawar sarki Hadrian da ke Tivoli kusa da Roma, aka gyara shi aka ɗora masa kan da shi ma tsoho ne kuma dutsen ya yi kama sosai amma ba nasa ba, sannan wani dillali Bature ɗan Ingila da ke zaune a Roma, Thomas Jenkins, ya sayar wa wani attajiri Charles Townley. Tun a lokacin wani masani Richard Payne Knight ya faɗa cewa kan nan ba daidai yake ba, Townley ya ƙi yarda, shi a wajensa nasa ne ma mafi kyau. A 1805 kayan Townley suka koma British Museum a Landan, har yau yana can da kan aro. Kai har fastar wasannin Olamfik da aka yi a Landan a 1948 shi aka zana a jiki, duniya kaf ta gan shi a haka.

Abinda yasa aka tabbatar kuskure ne, a 1781 an riga an tono wani kwafin a cikin Roma da kansa na asali a jikinsa, kuma shi kan ya waiwaya ne yana kallon faifan. Kafin wannan shekarar in an tono gangar jikin mai jifan nan babu kai babu hannu babu ƙafa, ba wanda ya san ko meye. Wani masassaƙi Bafaranshe da ya zauna a Roma, Monnot, ya samu irin wannan gangar jiki sai ya kwantar da ita ya yi mata hannuwa da ƙafafu ya mayar da ita mayaƙin da aka sara yana faɗuwa, yana nan a gidan tarihin Capitoline. Wata gangar kuma aka mayar da ita Diomedes, jarumin yaƙin birnin Troy a tatsuniyar Girkawa. Jiki ɗaya, mutum uku. Shi Monnot ban ga laifinsa sosai ba, bai sani ba ne, ya cike gurbi da abinda hankalinsa ya ba shi.

Dalilin karyewarsu ba abin mamaki bane. Daular Rumawa ta faɗi, gine-gine suka rushe a kansu, girgizar ƙasa ta yi nata, na tagulla aka narke su aka yi wasu abubuwan, na mabul kuma ɗaruruwan shekaru mutanen Roma suna farfasa su suna ƙonawa don su samu farar ƙasar gini. Wanda ya tsira a ƙarƙashin ƙasa kuwa abinda ya fito waje shi ke fara tafiya, hanci, yatsu, hannu, wuya, kamar dai yadda a mota madubi da bamba ke fara tafiya.

Toh sai ga ƙarni na 18, 'ya'yan masu kuɗin Ingila suka mayar da zuwa Italiya kamar cikon karatu, kowa in zai koma gida yana son ya tafi da tsohon mutum-mutumin Rumawa ya kafa a zaurensa, kuma ba mai son gutsure, cikakke suke so mai kai da hannu da suna. Inda akwai mai saye kuwa ba a rasa mai haɗawa. Babbansu a wannan sana'a shi ne Bartolomeo Cavaceppi, wanda ya mutu a 1799, yana da katon wurin aiki a Roma da yara masu yawa a ƙarƙashinsa, har ya buga littattafai uku tsakanin 1768 da 1772 na hotunan kayan da ya gyara, kamar dai kundin talla. Da na ga zanen wurin aikin nasa wallahi shagunan 'yan kwance na Dilimi ne suka faɗo min, can ƙofofi a jingine, can fitilu, can giyabos, shi kuma nasa kawuna ne da hannaye da ƙafafu na dutse. A zo da jiki babu kai, a shiga cikin tarin a nemo wanda girmansa ya yi kusa, a sassabe wuyan har ya zauna, a huda a sa ƙarfe a tsakiya, a cike bakin haɗin, a goge. In sabon dutsen da aka ƙara ya fi tsohon fari sai a rina shi, ana ba da labarin har ruwan taba wasunsu ke shafawa, ko kuma a bi tsohon da gugar da zata cinye fatarsa har su zo ɗaya. Wannan na ƙarshen shi yafi min ciwo, don ka lalata na asali kenan saboda ƙaryarka ta zauna. Sannan abinda ka sa masa a hannu shi ne sunansa, ka ba mace zangarniyar alkama ta zama wance, ka ba ta kayan kiɗa ta zama wata daban, kuɗinta ma ya canza.

Amma fa adalci shi ne in faɗa, su kansu Rumawan na da can sun yi musanyar kai. Akwai jikin da ake sassaƙawa da rami a wuya da gangan, mai saye ya zo a yi kansa daban a zura. In sarki ya mutu da baƙin jini kuma sai a sake sassaƙa fuskarsa ta koma ta wanda ya gaje shi, an yi wa Nero haka bayan ya mutu a shekara ta 68, an yi wa Domitian bayan 96 aka mayar da fuskarsa ta Nerva. Kenan wani haɗin shekararsa dubu biyu, wani ɗari biyu da 'yan kai, kuma aikin masana ne su rarrabe.

Akwai wani ƙaton mutum-mutumin Hercules, ƙaƙƙarfan nan na tatsuniyar Girkawa, da aka tono a 1546 a kangon wuraren wankan sarki Caracalla, tsayinsa ya haura mita 3, aka same shi babu ƙafafu, wani Guglielmo della Porta ya yi masa sabbi. Daga baya ƙafafun asali suka bayyana amma aka ƙi mayar masa, wai na della Porta sun yi kyau, sai a 1787 aka haɗa shi da nasa. Sama da shekara 200 yana tsaye da ƙafar aro alhali tasa na ajiye a wani gida cikin gari ɗaya.

Wanda ya fi tsaya min a rai dai shi ne na Laocoon. A tatsuniyar Girkawa shi ne mutumin Troy da ya gargaɗi mutanensa kada su shigo cikin gari da wani ƙaton dokin katako da abokan gaba suka ɓoye mayaƙa a cikinsa, sai manyan macizai suka fito daga teku suka nannaɗe shi da 'ya'yansa biyu. Ranar 14 ga Janairun 1506 aka tono shi a wata gonar inabi a Roma, shahararren masassaƙi Michelangelo da kansa yana cikin waɗanda suka fara zuwa gani, Fafaroma Julius na 2 ya saya aka kai fadar Vatican. Hannun daman uban ya ɓace tun daga kafaɗa. Aka yi ta gardama yadda hannun yake, Michelangelo yace a lanƙwashe yake ya koma bayan kai, wasu suka ce a'a a miƙe yake sama yana ture macijin, masu miƙewa suka yi rinjaye don a ganinsu yafi nuna jarumta, wajen 1532 wani Montorsoli ya sa masa miƙaƙƙen hannu. Haka aka yi ta zana shi ana kwafarsa ana koyar da ɗalibai da shi sama da shekara 400.

Sai a farkon ƙarni na 20 wani masani dillalin kayan tarihi mai suna Ludwig Pollak yana wucewa ta wurin wani mai aikin dutse a Roma ya hangi wani guntun hannu na mabul a lanƙwashe da alamar maciji a jikinsa, cikin tarkacen da ba wanda ya damu da su. Idonsa ya gaya masa wani abu, ya ɗauka ya kai Vatican ya ba su kyauta. Hannun ya zauna a ajiye shekara hamsin, sai a 1957 aka cire na aron aka gwada shi, ramin ƙarfen da ke jikin hannun ya hau daidai kan na kafaɗar. Michelangelo ne ke da gaskiya. Shi kuma Pollak bai ga wannan rana ba, Bayahude ne, a 1943 'yan Nazi suka kwashe shi da iyalinsa daga Roma suka kai Auschwitz, can aka kashe su. Da na karanta wajen nan sai da na ajiye wayar na ɗan yi shiru. Ka duba hoton kafin da bayan, da miƙaƙƙen hannu kamar mai kirari yake, da nasa na gaskiya kuwa mutum ne da azaba ta kama yana ƙoƙarin ɓanɓare abu daga bayansa ya kasa. Hannu ɗaya kacal ya canza labarin gaba ɗaya.

Daga baya ra'ayi ya juya, a ƙarni na 20 aka shiga cire duk abinda aka ƙara. A Munich cikin shekarun 1960 aka ɓanɓare gyaran da wani masassaƙi Thorvaldsen ya yi wa mutum-mutumin da aka kwaso daga tsibirin Aegina na Girka, a wani gidan tarihi a Copenhagen kuma hancinan da aka cire sun yi yawa har aka jera su a allo guda ana nuna wa baƙi. Wani cirewar dole ce ma, don ƙarfen da aka zura ciki ya yi tsatsa ya kumbura yana fasa dutsen daga ciki, wannan kam duk mai bodi ya san shi, tsatsar da ka rufe da fila ba barci take ba, ci take. Amma nan ma an wuce gona da iri a wasu wuraren, an cire an bar abu da wuyan da aka riga aka sassabe, bai koma na asali ba kuma ya rasa na gyaran, shi yasa yanzu wasu gidajen tarihin suke mayar da tsohon gyaran amma su rubuta a gefe ko su yi zane su nuna maka nan tsoho ne nan ƙari ne. Ɗiyar tawa tace su maganaɗisunsu fitila ce irin wadda ake haska kuɗi a banki don gane jabu, in aka haska ta a duhu tsohon mabul da sabo da abin cike haɗi kowanne kalar da yake bayarwa daban.

Ni a nan na tsaya. Gyara ba abin kunya bane, da gyara nake ci da iyalina shekara ashirin da wani abu. Kakata ƙwaryar nononta ɗinki uku ne a jikinta kuma kowa na gani, ba ta taɓa cewa sabuwa bace. Maigidana da ya koya min aiki, Allah ya jiƙansa, in ya gama mota sai ya kira mai ita ya kama hannunsa ya ɗora a wurin yace Alhaji nan ƙofar ba tata bace, ta kwance ce, nan kuma akwai fila, in zaka sayar ka faɗa. Ban taɓa jin haushin della Porta ko Montorsoli ba, a bainar jama'a suka yi aikinsu kowa ya san ƙari ne. Wanda nake jin haushi shi ne mai shafa ruwan taba.

Ranar Asabar ɗin makon ta ja ni muka je gidan tarihin nan namu na Jos da ke kusa da gidan zu, rabona da shi tun muna firamare. Wani Bature masanin tonon kayan tarihi mai suna Bernard Fagg ne ya kafa shi a 1952, kuma tushen abin daga haƙar kuza ne. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da sassaƙen yumɓu gasasshe a kusa da ƙauyen Nok a kudancin Kaduna, a 1943 kuma aka kawo wa Fagg wani kai daga wajen Jama'a wanda wani ma'aikacin kuza ya kafa a gonar doyarsa yana korar dabbobi da shi, kan da ya haura shekara dubu biyu a duniya. Muna tsaye gaban gilashi tana nuna min idanun nan masu kusurwa uku da hudar tsakiya, sai tace Kawu ka san matsalar Roma tana nan gidanmu? Masu bincike daga jami'ar Frankfurt ta Jamus da suka fara aiki a yankin Nok tun 2005 tare da namu masanan, kusan duk abinda suka tono a farfashe suka same shi, har suna ganin wasu da gangan aka fasa su kafin a binne. Amma kuma kasuwannin Turai cike suke da Nok cikakku daga kai har ƙafa. Da yawansu haɗi ne, masu haƙar sata su kwaso gutsattsari daga ramuka daban-daban, wani gwani ya zauna ya haɗa kan wannan da ƙirjin wancan, ya niƙa tsohon yumɓu ya kwaɓa da gam ya cike tsakani. In an zo gwajin shekaru aka ɗan huda wurin da yake tsoho sai sakamako ya fito tsoho, sai an saka shi a na'urar hoton asibiti mai leƙa ciki sannan a ga ɗinkin. Abinda ya dame ta, kuma ya dame ni, shi ne ramin da aka kwashe an kwashe kenan, ba mai sake sanin wane guntu da wane suka kwana tare, alhali wannan sanin shi ne tarihin, kuma namu ne ba na Roma ba.

Ita kuwa motar da ta same ni a kanta ranar Talata, ƙarzuwa ce kawai a ƙofar baya aka kawo ta in shafe. Mai ita yaro ne ma'aikaci, bai fi wata biyu da sayenta ba, adashi da rancen ofis ya haɗa. Maganaɗisu ya yi ta saki a ginshiƙin tsakiya ta duka gefe biyu, abinda ba ya faruwa da bugu ɗaya, sai na cire kujerun gaba na ɗaga kafet. Layin walda ne ya ratsa ƙasan motar daga wannan gefe zuwa wancan, an bi shi da giranda an shafe da baƙin kwalta. Na kankare kaɗan, ta gaba fentin asali ruwan toka, ta baya ja. Mota biyu ce aka yanka aka haɗa.

Da ya zo ɗauka na nuna masa nace ƙanena motar nan kar ka hau babban titi da ita da iyali, in ta samu bugu mai ƙarfi nan zata rabe. Ransa ya ɓaci, amma ni ya ji wa haushi, yace wanda ya sayar masa mutumin kirki ne, tare suke sallah, ku masu gareji kun fiya neman aiki. Ban ce komai ba, na mayar da kafet na ɗaura kujeru, ko kuɗin fentin ban karɓa ba a ranar. Townley ne ya faɗo min, mutum ya riga ya zuba kuɗinsa da zuciyarsa a kan abu, mai gaya masa gaskiya shi ke zama abokin gaba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga shi ya dawo tare da wansa, dattijo mai furfura a gemu. Yace Malam don Allah a sake ɗaga kafet ɗin. Na sa yaro ya kwance kujerun. Dattijon ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa a ƙasan gareji, ya ɗora yatsa a kan layin waldar ya bi shi a hankali tun daga ƙofar direba har ɗaya gefen, bai ce uffan ba. Da ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa sai ya dube ni yace, in aka sayar da ita a kwance, inji daban giya daban, nawa kake ganin za a samu?